Babi na Biyar: Riga Mai Gumi da Kuɗin da Ke Bin Ta

Rigar da Diego Maradona ya sa ranar da ya fitar da Ingila daga gasar cin kofin duniya ta 1986, a shago aka sayo ta cikin gaggawa. Ajantina ta kara da Uruguay sanye da shuɗiyar riga ta auduga, gumi ya jiƙa ta har ta yi wa 'yan wasa nauyi. Ga wasan da ke gabansu da tsakar rana za a buga shi a filin Azteca na birnin Mexico, kuma shuɗiyar za su sake sawa. Mai horar da su, Carlos Bilardo, ya ce sai an nemo marar nauyi. Aka tura wani jami'in tawagar mai suna Rubén Moschella ya bi shaguna, ya dawo da samfuri biyu, Maradona ya nuna ɗaya. Aka kwaso guda 38, mata masu ɗinki suka ɗora tambarin hukumar ƙwallon Ajantina da allura da zare, aka manna lambobi masu ruwan azurfa da dutsen guga. Lambobin ma asalinsu na rigunan ƙwallon Amurka ne, su aka samu a kusa.

Ranar 22 ga Yuni, a minti na 51, ɗan wasan tsakiya na Ingila Steve Hodge ya yi ƙoƙarin fitar da ƙwallo daga gabansu, sai ta kuɓuce masa ta yi sama ta nufi mai tsaron gidansa, Peter Shilton. Maradona ya yi tsalle ya tura ta raga da hannu, alƙalin wasa Ali bin Nasser, ɗan Tunisiya, bai gani ba. Minti huɗu bayan haka ya ɗauko ƙwallo tun daga ɓangarensu, ya yanke 'yan Ingila ɗaya bayan ɗaya, ya zura ta biyu, wadda har yau da yawa ke cewa ba a taɓa cin kamarta ba a gasar. Da aka tashi, Hodge ya gamu da shi a hanyar ɗakin canza kaya, suka yi musayar riga.

Hodge ya ajiye rigar a gida, daga baya ya ba gidan adana tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila aronta, ta shekara kusan ashirin a can mutane na zuwa kallo. Maradona ya rasu a watan Nuwamba na 2020. A watan Mayu na 2022 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita a kan fam 7,142,500, wato kimanin dala miliyan 9.3. A kuɗinmu, biliyoyin naira ke nan, a kan tsohuwar riga wadda ba wanda zai sake sawa.

Duk wanda ya ji irin wannan labari, tambaya ɗaya ce ke zuwa masa: to ashe wannan ma hanyar ajiyar dukiya ce? In mutum ya sayi riga ko takalmi ko ƙwallon da aka buga wasa da ita, ya adana, shin nan da shekara ashirin za ta riƙe kuɗinta? Amsar da nake ganin ita ce gaskiya ba ta da daɗin ji ga masu sayarwa. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗannan kaya za su riƙe darajarsu, wasu ma su ninka ta. Mafi yawa za su koma tsofaffin tufafi. Wanda ke son ya gane bambancin, sai ya fara da gane abin da ake saye tun farko, don ba yadin ake biya wa kuɗi ba. Labarin da ke manne da yadin ake saye, shi kuwa labari yana iya canzawa bayan an riga an biya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a wasan besbol na Amurka. A wasan, babban abin da mai bugu ke nema shi ne ya maka ƙwallo da sanda ta tsallake katangar fili, ana kuma ƙirga wa kowa yawan irin wannan bugu a kakar wasa. Tun 1961 Roger Maris ke riƙe da tarihin da guda 61. A 1998 Mark McGwire na St. Louis Cardinals ya yi 70, Amurka ta ɗauka. A watan Janairu na 1999 aka yi gwanjon ƙwallon ta saba'in ɗin a New York, wani mai zanen littattafan barkwanci ɗan Kanada, Todd McFarlane, ya saye ta a kan kimanin dala miliyan uku. Lissafinsa ba na wauta ba ne: tarihin da ya gabata ya shekara 37 ba a taɓa shi ba, me zai hana wannan ma ya daɗe haka?

Shekara uku kacal ya yi. A 2001 Barry Bonds na San Francisco Giants ya yi 73. Ita ƙwallon Bonds ɗin sai da 'yan kallo biyu suka kai juna kotu a kanta, alƙali ya ce a sayar su raba kuɗin. Da aka yi gwanjonta a 2003, dala 450,000 ta yi, kuma McFarlane ɗin dai shi ya saya. A dubi wannan da kyau: ƙwallon da ta shafe ta saba'in kimanin kashi ɗaya cikin shida na kuɗinta kawai ta yi. Daga nan maganar ƙwayoyin ƙara kuzari ta rufe zamanin gaba ɗaya, har a watan Janairu na 2010 McGwire da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da su, har a shekarar da ya kafa tarihin. Masu ƙiyasta farashi sun riƙa sa wa ƙwallon tasa 'yan dubban ɗaruruwan daloli. Ko zare ɗaya bai warware daga jikinta ba, amma abin da aka saya ya riga ya tafi.

Wani lokacin ma ba ya ɗaukar shekaru. Tom Brady, gwarzon ƙwallon Amurka, ya sanar da ritaya a farkon Fabrairu na 2022. Ranar 12 ga Maris aka sayar da ƙwallon da ya jefa aka ci maki na ƙarshe da ita a kan dala 518,000. Washegari ya ce ya fasa ritayar. An soke cinikin, da aka sake fito da ita bayan wasu watanni kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin farko ta samu.

Abin da ya raba rigar Maradona da waɗannan shi ne labarinta ya rufe. Ba za a sake buga wasan ba, mai rigar ya bar duniya, kuma aibin da ke cikin labarin, wato cin ƙwallo da hannu, kowa ya san shi tun ranar, shi ne ma rabin abin da ya sa ake son rigar. Babu wani sirri da zai fito gobe ya zubar da ita. Kayan da darajarsu ta rataya a kan "mafi yawa" ko "na ƙarshe" suna jiran wanda zai zo ya zarce ne kawai, kuma a wasanni kullum sai an samu mai zarcewa.

Amma ko labari ya rufe, da sauran rina a kaba, domin sai an tabbatar cewa wannan rigar ce ta kasance a wurin. Ana gab da gwanjon Sotheby's, 'yar Maradona, Dalma, ta fito ta ce rigar da ke hannun Hodge ta kafin hutun rabin lokaci ce, ƙwallayen biyu kuwa bayan an dawo aka ci su, da wata rigar daban. Da maganarta ta tabbata, da miliyoyi sun zube a take. Sotheby's ta mayar da martani da binciken wani kamfani mai suna Resolution Photomatching, wanda sana'arsa ita ce kwatanta kaya da hotunan ranar wasa. Suna ƙara girman hoto, su duba yadda lamba ta ɗan karkace, inda ɗinkin tambari ya kauce, yadda layukan yadi suka haɗu a gefe, su gwada da rigar da ke gabansu. A nan gaggawar da aka yi a Mexico ta yi rana: tunda da hannu aka ɗinka tambarin kowace riga, babu biyu da suka zo iri ɗaya sak. Kamfanin ya ce rigar Hodge ta dace da hotunan ƙwallayen biyu, masu taya kuma suka yarda da shi.

Wannan sana'a ta kwatanta hoto ita ce ta fi kowane abu canza kasuwar a 'yan shekarun nan. Misalin da ya fi girma shi ne rigar ɗan wasan besbol Babe Ruth na New York Yankees. A 2005 an sayar da ita a kan dala 940,000. A watan Agusta na 2024 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da ita a kan dala miliyan 24.12, kuɗin da ba a taɓa biya wa wani kayan wasanni ba kafin nan. Abin da ya ƙaru a tsakani shi ne rahotannin masu kwatanta hoto da suka danganta ta da wasan 1 ga Oktoba na 1932 a Chicago, inda ake cewa Ruth ya nuna da hannu inda zai aika ƙwallo, ya kuma aika ta. Abin lura a nan shi ne masanan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu kamfanoni sun tabbatar, wani kuma ya duba ya ƙi sa hannu. Hotunan 1932 ba su da kaifin na yau. Ke nan wanda ya biya miliyan 24 ya sayi riga, ya kuma sayi ra'ayin masana, kuma ra'ayi abu ne da sabon hoto ko sabuwar na'ura ke iya ƙarfafawa ko rushewa.

Ba a kai ga wannan tsantseni haka kawai ba, sai da aka sha wuya. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta gudanar da wani bincike da ta kira Operation Bullpen, ta bankaɗo gungun masu ƙirƙirar sa hannun taurari suna watsawa a kasuwa. Bayan haka, a 2001, hukumar besbol ta Amurka ta fara tura shaidu filin wasa, galibi jami'an tsaro da ba sa bakin aiki, su zauna a gefe, duk abin da aka fitar daga wasa a kan idonsu su manna masa tambari mai lamba, a shigar da lambar cikin kundi. Ha'incin ma bai tsaya ga kayan ba, ya shiga farashin kansa. Bill Mastro, wanda ya taɓa mallakar ɗaya daga cikin manyan gidajen gwanjon kayan wasanni a Amurka, an yanke masa ɗaurin wata 20 a 2015, bayan ya amsa cewa ana sa tayin ƙarya a gwanjonsa don farashi ya hau. Duk wanda ke duba tsofaffin farashi don ya gane inda kasuwa ta dosa, ya kamata ya tuna cewa ba kowane tayi ne ya fito daga mai niyyar saye ba.

Tambarin shaida ya magance jabu, sai dai ya zo da wata matsala da ni nake ganin ita ce za ta fi cin ƙaramin mai saye. Kayan da suka yi tsada yau, sun yi tsada ne saboda ba wanda ya damu da su a zamaninsu. Ɗan wasan da yakan sa riga ɗaya wasa bayan wasa, a wanke ta, ta tsufa, a miƙa wa 'yan ƙaramar ƙungiya ko a yar. Abin da ya tsira, da sa'a ya tsira, shi ya sa ya yi ƙaranci. Yanzu kuwa kowa ya waye. Ɗan wasa na canza riga a hutun rabin lokaci, ƙungiyoyi na da ma'aikatan da aikinsu shi ne tattara kaya bayan wasa, akwai kuma kamfanoni irin su MatchWornShirt na ƙasar Holland da ke buɗe gwanjon riguna a intanet tun suna jikin 'yan wasa a fili. Kowane mako ana zuba wa kasuwa sababbin riguna masu gumi, kowacce da takardarta, kowacce kuma za a adana ta cikin leda ba za ta taɓa lalacewa ba. Masu katin hotunan 'yan wasa ma sun daɗe da gano dabarar yanka riga ɗaya gunduwa-gunduwa su manna a kan kati. A 2003 kamfanin Donruss ya yi wa wata tsohuwar rigar Babe Ruth haka, abin da har yau nake ganin ɓarna ce da riba ba ta isa ta wanke ba.

Ko Lionel Messi bai tsira daga wannan ba. A watan Disamba na 2023 Sotheby's ta sayar da riguna shida da ya sa a gasar Qatar ta 2022, har da ta wasan ƙarshe da Faransa, a kan dala miliyan 7.8. Kuɗi ne mai yawa, amma an sa ran za su haura miliyan goma, kuma su shida a haɗe ba su kamo ta Maradona guda ɗaya ba. Dukansu na kafin hutun rabin lokaci ne, masu saye sun san akwai 'yan'uwansu a wani wuri. In haka ta faru da Messi a gasar da ya ɗaga kofi, sai a auna makomar rigar wani ɗan baya a wasan lig na tsakiyar kaka.

Mu a nan mun san ajiyar zinare. Mace ta sayi sarƙa, ranar da buƙata ta taso ta kai wa mai zinare, ya ɗora a sikeli, ya faɗi kuɗin giram na ranar, ta karɓa ta tafi. Riga ba ta da sikeli. Kuɗinta shi ne abin da mutum biyu masu hali suka yarda su yi jayayya a kai a rana ɗaya, in ɗayansu bai zo ba, farashi ya faɗi. Mutumin da ya cafe ƙwallon besbol ta 62 da Aaron Judge ya tsallakar da katanga a 2022 an taya masa dala miliyan uku ya ce albarka, ya kai ta gwanjo, ta tsaya a miliyan ɗaya da rabi. Geoff Hurst, wanda ya ci uku a wasan ƙarshe na 1966 da Ingila ta ɗauki kofinta tilo, an sayar da rigarsa fam 91,750 a shekarar 2000. A 2016 aka kawo ta Sotheby's da ƙiyasin fam 300,000 zuwa 500,000, tayi bai kai abin da mai ita zai sallama ba, ta koma gida. Irin wannan labari ba ya yawo kamar labarin wadda ta yi miliyoyi, shi ya sa mai kallo daga nesa yake zaton kasuwar sama kawai take yi. Ga kuma la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye a kan mai saye, ga inshora, ga kuɗin ajiya, alhali kayan ba sa haihuwar ko sisi a duk shekarun da suke ajiye. Sai abu ya tashi sosai kafin mai shi ya mayar da uwar kuɗinsa.

Lokacin ma yana da tasiri. Manyan farashin nan sun taru ne bayan 2020, sa'ad da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, kuɗin ruwa ya yi ƙasa a Amurka da Turai, masu kuɗi suka rasa inda za su zuba su. A shekarar ne aka nuna shirin The Last Dance a kan ɗan wasan kwando Michael Jordan, shekara biyu bayansa rigar da ya sa a wasan farko na zagayen ƙarshe na 1998 ta yi dala miliyan 10.1. Waɗanda suka yi ƙuruciya suna kallon Jordan da Maradona a talabijin su ne yau ke tsakanin shekara arba'in zuwa sittin, kuma a hannunsu dukiya take. Rigar da Pelé ya sa a wasan ƙarshe na 1970 fam 157,750 ta yi a Christie's a 2002, kuma a lokacin ita ce rigar ƙwallon ƙafa mafi tsada. Pelé bai gaza Maradona ba, kasuwar ce ba ta riga ta cika ba.

To idan wannan tsara ta wuce fa? Wannan ce tambayar da ba wanda ke da amsarta a hannu, amma rigar Ruth ta ɗan haska hanya. Ya rasu tun 1948, waɗanda suka biya miliyan 24 ba su taɓa ganin sa a fili ba. Sunansa ya rayu ne saboda akwai masu raya shi: ƙungiyarsa na nan da ƙarfinta, akwai gidan tarihin besbol a Cooperstown, akwai littattafai da finafinai, uba na ba ɗa labari. 'Yan wasan da suka yi zamani da shi, waɗanda su ma filaye suka cika dominsu, yawancinsu yau sai masana. Kowane zamani yakan miƙa wa na gaba suna biyu ko uku ne kawai, kuma ana cikin zamanin ba a cika gane su wane ne ba. Wanda ya sayi kayan tauraron da ke tashe yau, caca yake yi a kan abin da jikokin wasu za su tuna.

Akwai kuma maganar aljihun masu tunawar, kuma nan ne abin ya shafe mu. Ƙwallon da Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya zura wa Bulgeriya a Dallas a 1994, ya kama raga yana kuka, ita ce ta farko da Nijeriya ta ci a gasar cin kofin duniya. Ba za a sake yin ta farko ba, labarin ya rufe kamar yadda na Maradona ya rufe. Haka ƙwallon Nwankwo Kanu da ta fitar da Brazil a gasar Olympics ta 1996, haka biyun da Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya ci Ajantina a 2014, da biyun da ya ci Iceland a 2018. Masu ɗauke da waɗannan ranaku a zuciya sun kai miliyoyi, sun ma fi masu tuna Hurst yawa. Amma gwanjo ba ya ƙirga yawan masoya, yana duba mutum nawa ne a cikinsu za su iya ɗaga hannu a Landan ko New York. Ina sa ran wannan zai canza yayin da attajiran Afirka da 'ya'yanta mazauna ƙetare suka fara neman tarihinsu, domin haka ta faru da zane-zanen masu fasahar Afirka, waɗanda manyan gidajen gwanjo suka buɗe wa sashe na musamman.

Sai dai ranar da masu sayen za su zo, abin da za su fara tambaya shi ne salsala: daga hannun wa zuwa hannun wa, ina hoton, wa ya shaida. Wannan kuwa aiki ne da ake yi a ranar wasan, ba bayan shekara talatin ba. Duk ɗan wasa ko jami'in ƙungiya ko ɗan'uwan da irin wannan riga ta faɗo hannunsa, ya ɗauki hotonta gaba da baya tare da mai ita, ya sa ya rubuta wasan da ranar ya sa hannu, ya nemo hotunan wasan masu kaifi ya haɗa. Kada ya wanke ta, don tabon ciyawa da na ƙasa su ne abin da mai kwatanta hoto zai nema. Kada ya rataye ta a falo inda rana ke bugu, launi zai koɗe, lambar da aka manna ta tsattsage. A ƙasarmu kuma sai an ƙara da tsaron danshin damina da gara da ɓera, waɗanda ke iya gamawa da riga cikin shekara guda a ƙasan akwati.